Ranar da Zai Kai Ni Gaida Inna

Ni ba mai fita ba ce. Duk unguwarmu a Yelwa an san haka, har maƙwabta kan yi mini tsiya su ce tsakanin ni da turmin gidanmu ba a san wanda ya fi wani zama ba. Tun da aka kawo ni daga Shanga, duniyata ba ta wuce tsakar gida da murhu da inuwar darbejiyar da ke jikin katanga ba. Karatuna na allo ne, sai ɗan yaƙi da jahilci da na yi da girmana, shi ya sa za ku ga rubutun nan kamar hira. Amma Allah Ya ba ni kunne. Ina zaune ina tsintar shinkafa zan faɗi wacce ke daka a bayan gidanmu, in kuma faɗi ko da fushi take dakan. Da safe in jirage suka tashi daga bakin ruwa, ina rarrabe su da kukansu, ban kuwa taɓa ganin ko ɗaya ba.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, gyaran injin jirgi ne sana'arsa. Yana da rumfa a bakin ruwa, masunta da matuƙa duk wurinsa suke zuwa. Tun yana saurayi kansa na cikin ƙarar inji, har injin ya cinye masa kunnuwa. Ba rana ɗaya suka tafi ba. Da farko sai an maimaita masa magana, daga baya sai an ɗaga murya, a ƙarshe ko kiran sallar masallacin da ke ƙofar gidanmu sai na taɓa masa kafaɗa. Bakinsa garau, yana magana, amma amsa sai dai ya kalli leɓe da hannu. Mu biyu muka haɗa namu yaren na yatsu.

Motar ta riga kurmancin zuwa gidan. Wata rana da hantsi na ji babbar motar albasa ta tsaya a ƙofar gida, maza na ta ihun a ja a saki. Da na leƙa ta zaure sai na ga ana sauke wani abu mai kama da kada ya kwanta a yashi: dogon hanci, gajeren baya, cikinsa ya kusa taɓa ƙasa. Wai mota ce. 'Yar Japan, tsohuwar ƙira, irin wadda aka yi don gudu, ƙofa biyu kujera biyu. A bayan gidan wani tsohon ma'aikacin madatsar Kainji ya same ta, kaji na ƙwai a cikinta. Babu taya ko ɗaya mai iska. Tsatsa ta ci ƙasanta har ana hango ƙasa ta inda ake ajiye ƙafa.

Ƙanensa na cikin masu saukewa. Matuƙin jirgi ne, yana ɗaukar mutane da kaya tsakanin Yelwa da ƙauyukan ruwa, kuma abokin wasana ne tun ranar da na shigo gidan. Ya zagaya motar yana riƙe da haɓa.

"Yaya, ina sauran?"

"Wane saura?"

"Inda mutane ka zama. Ko buhun shinkafa guda ba ta ɗauka. Wagga ai motar marowata ce." Sai ya juyo wajen zaure. "Matarmu, hito ki gani, an sayo miki akurki."

Na ce, "Baƙin ciki kake yi, don naka abin hawan sai an yi ta kwashe ruwa da ƙwarya."

Aka yi dariya. Maigidan bai yi ba. Ya shafa rufin motar ya ce, "Kujera biyu ta ishe ni. Ɗaya tawa, ɗaya tata. Da ita za ni kai ta ta gaida Inna."

Dariyar ta mutu a bakin ƙanen.

Ni ban taɓa ganin surukata ba. Garinsu na asali yana can ɓangaren Ngaski, cikin garuruwan da ruwa ya shanye da aka datse kogi. Ta rasu ne kafin a tashe su, ƙanen yana goye, ko yaye shi ba a yi ba. Maigidan yana da wayo lokacin, ya bi maza har maƙabarta, ya ga inda aka sa ta. Bayan nan ba da daɗewa ba aka zo da tifa aka kwashe su. Ya sha gaya mini yadda ya zauna a kan tukwane a bayan tifar yana riƙe da jinjirin, yana kallon tsamiyoyin garin suna ƙanƙancewa, ga masu aikin madatsa a gefe cikin ƙananan motocinsu suna kallo. Ya ce tun ranar ya sa a ransa ba zai koma a matsayin kaya ba. Zai koma yana riƙe da sitiyarinsa, da matarsa a gefe, uwarsa ta ga bai lalace ba. Manyan da suka san kabarin duk sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Shi kaɗai ya rage.

Sai dai ruwa ba ya buɗe wurin kowace shekara. Tafkin yakan ja da bazara, amma garin yana can ciki, sai shekarar da ruwan ya ja sosai ake ganin kututturan tsamiya da bakin tsohuwar rijiya. Irin wannan shekarar ba ta cika zuwa ba. Don haka ba ya gaggawa. Ya yi wa motar rumfa a tsakar gida, sai da aka fasa kusurwar katanga aka shigo da ita, ni kuma na rasa wurin shanyar kuɓewata.

Shekaru muka yi da ita. 'Ya'yanmu mata suka girma suna tsallake sifana, aka aurar da su motar na kan duwatsu. Kayan gyaranta babu su a ƙasar nan tamu, sai ya ba direbobin albasa masu zuwa kudu tsohon ƙarfe a ƙunshe cikin tsumma, ya ce su duba masa irinsa wajen 'yan gwangwan. Wani ya dawo da daidai, wani ya dawo da na wata mota, wani ya manta a tasha. Ƙasanta ya yanke ya sa mai walda ya yi sabo. Kujerun wani baduku ɗan garinmu Shanga ya ɗinke su da jar fata, tawa sai da aka zo aka auna tsawon ƙafata da igiya, ina ta jin kunya. Fenti ya yi mata ruwan ɗorawa. Injin kuwa ya kwance shi kaf, ya jera a kan tabarmar da nake shanya shinkafa, ya wanke kowane ƙarfe kamar jariri. Wata rana na tarar da fistin a cikin tukunyar miyata ta ajiya. Da na yi magana ya ce ita ce mafi tsabta a gidan. Ban san ko yabo ba ne ko neman faɗa.

Lokacin da ya gama haɗa injin kunnuwan sun tafi ƙarƙaf. Ranar da ta fara tashi, unguwa ta cika da ƙara, yara suka hau katanga, awakina suka tsinke igiya. Shi yana tsaye ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen yana jin rawar jikinta, yana kallon fuskata.

"Yaya take?"

Na karkata hannu, na nuna masa tana ɗingishi.

Injin nan silinda shida gare shi, ni dai baki shida nake ce musu, don kowanne da muryarsa. Kafireto biyu ke shayar da su, kuma dole su ja iska daidai wa daida, in ɗaya ya fi ɗaya ja sai motar ta yi ta rawa. Yadda ake daidaita su da kunne ne. A sami guntun tiyo, a kara baki ɗaya a bakin kafireton, ɗaya bakin a kunne, a saurari shuuu ɗin iskar, sannan a koma ɗayan. Ya ɗauki tiyon ya kara a kunnensa, ya daɗe, ya sauya kunne. Sai ya sauke hannun a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da likita ya ce masa kunnuwan ba za su dawo ba.

Na goge hannu a zane na karɓi tiyon.

Haka na zama kunnensa. Ni da ban san sunan ƙarfe uku ba. In durƙusa gefen bonet da mayafina a ɗaure ta baya don kada fanka ta kama, in saurari na gaba, in saurari na baya. Na gaban yana huci kamar ruwa a kasko, na bayan yana yi kamar mai asma. In ɗaga yatsa sama, ya juya sukurun kaɗan. In kwantar da hannu, ya tsaya. In ya wuce, in buge masa gwiwa ya dawo. Ƙanen ya shigo ya same mu a haka ya ce, "A'a, yau kuma asibiti anka buɗe? Likita, ki duba ni ni ma, ƙirjina na ciwo." Na ce ya bari in gama da mai amfani tukuna.

Mun ɗauki lokaci kafin su daidaita. Ranar da suka daidaita ban ma buƙaci tiyon ba. Muryar ta koma guda, santsi, kamar mata shida na luguden daka babu mai shiga hannun wata. Na tafa hannu. Ya rungume bonet ɗin, mutum da furfurarsa.

Ya ɗan zaga gari da ita sau da yawa, ni ban shiga ba. Yaya zan zauna kafaɗa da kafaɗa da miji a tsakiyar kasuwar Yelwa, surukan 'ya'yana na kallo? Shi ma bai matsa ba. Ya ce kujerar ta san ranarta.

Bazarar da ta biyo baya ruwa ya ja irin jan da aka daɗe ba a gani ba. Ƙanen ya shigo wata rana ko sallama bai gama ba. Ya durƙusa gaban yayansa, yana magana a hankali don ya karanta bakinsa.

"Yaya, garin ya hito. Na taka shi da ƙahwata. Rijiyar na nan. Na ga maƙabarta, duwatsu a jere, amma ban san wane ne nata ba. Na tsaya na yi ta kallo kamar baƙo."

Mutum mai jikoki, bai san kabarin uwarsa ba.

Maigidan ya ce, "In na tsaya wurin, ƙafata za ta kai ni. Da baki ba ni iya kwatanta maka."

Suka shirya. Ƙanen zai bi ta ruwa ya jira mu a can, mu kuma mu bi ta ƙasa, don masunta sun ce busasshen laka ya yi tauri har babura na shiga. Za mu fita da sassafe mu dawo kafin la'asar, saboda hanyar ba ta da lafiya kamar da, ba a yarda yamma ta sami mutum a daji. Ni aka ce daga nesa zan tsaya, ba zan shiga cikin kaburbura ba, in yi sallama in yi addu'a daga nan. Na wanke zanen da na fi so. Na yi fura. Ni da ko Shanga sai rasuwa ke kai ni.

Lokacin ana wahalar fetur a gari. Jajiberin tafiyar, maigidan na masallaci, ƙanen ya shigo da jarkoki a kafaɗa, yana haki.

"Matarmu, kada ki gaya mishi sai gobe. Nawa ne na jirgi da nike ɓoyo. Shi ya yi shekaru yana gyara, ni ko mai in zuba."

Na riƙe masa mazurari ya juye har tanki ya cika. Na yi ta sa masa albarka, na ce yau dai ya yi abin kai. Ya ce in rubuta ranar, don ban taɓa yabonsa ba.

Abin da ban sani ba, injin jirgi ba ya shan fetur zalla. Sai an gauraya masa da baƙin mai. Duk mai jirgi a bakin tafkin nan hannunsa ya saba, ba ya ajiye jarka sai ya yi haɗin. Kuma a wurinsu injin da aka gyara sabo ana ninka masa man, don ya yi laushi, kada ya ci kansa. Ƙanen bai taɓa riƙe mota ba a rayuwarsa. Ya yi wa motar yayansa gatan da ya san ana yi wa inji, har ya ƙara. Warin ma bai tona ba. Ni warin rigar mijina ne tun ina amarya. Shi kuma maigidan hancinsa ya rayu a cikinsa, ba ya jinsa.

Da safe na gaya masa ƙanensa ya cika tanki, ya yi murmushi ya ce yaron ya girma. Ya buɗe mini ƙofa da kansa. Na shiga kamar mai shiga rami, ƙasa na nan kusa da ni, ƙafafuna a miƙe, kujerar ta karɓe ni daidai. Na ja mayafi na rufe rabin fuska. Mata suka fito ƙofofin gidaje suna guɗa don tsiya.

Ba zan ɓoye ba, farkon tafiyar daɗi. Da muka bar gari ya taka ta a kan kwalta, muryar ta tashi ta zama wata iri, siririya, mai tsawo, na ji ta a ƙashin bayana. Gonaki na wucewa, shanu na ɗago kai. Na riƙe ƙofa da hannu biyu ina salati, shi yana dariya kamar yaro. Na saki mayafin. Ya yi ta ba ni labari da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa: yadda Inna ke gasa masa kifi a kan dutse, yadda take da wushirya, yadda ba ta son a zauna mata a bakin ƙofa. Ya ce da ta gan ni da mun yi faɗa kullum don surutu, kuma da ba ta yarda kowa ya taɓa ni ba.

Mun bar kwalta mun kama hanyar Ngaski, yana lallaɓa ta a kan ramuka don cikinta na gogar ƙasa, sai na ji. Baki guda cikin shidan nan ya yi shiru. Ya dawo, ya sake yin shiru. Luguden ya karye.

Na kalle shi. Fuskarsa tas, yana cikin labarin rijiyar garinsu. Ban taɓa jin kunnena ya zame mini kaya ba sai ranar. Na taɓa gwiwarsa, na ɗaga yatsu biyar.

Ya girgiza kai. "Ramuka ne."

Ba mu yi nisa ba na ɗaga huɗu. Wannan karon shi ma ya ji a hannunsa, ya taka totur ta ƙi amsawa. Ya duba madubi, hayaƙi shuɗi ya rufe bayanmu. Ya gangara gindin wata ɗorawa ya kashe ta.

Ya kwance fulogan, duk sun yi baƙi, jiƙe da mai. Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannu. Ya ce, "Aikina ne. Ban ɗaura daidai ba. Mai na hawowa." Ya faɗi haka a hankali, shi da ba ya iya magana a hankali. Ya goge su da tsumma, ya kankare, ya mayar. Muka ɗan taɓa tafiya, suka sake mutuwa. Ya sake. Rana ta take, ƙarfe ba ya taɓuwa, gumi na ɗiga daga gemunsa. A karo na gaba ne ya cire tiyon mai ya tara kaɗan a tafin hannu, ya tsaya yana jira. Fetur ɗin ya bushe. Maiƙo ya rage, yana sheƙi.

Ya ɗago ya kalle ni. Sai a lokacin na gane. Na kwaikwayi mai tuƙa jirgi da hannu.

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya, ya fara dariya. Ya yi ta yi har hawaye suka zubo, daga nan ban san kuma ko dariyar ce ba. Ya ce, "Har ninkawa ya yi. Don ta yi laushi." Na zauna kusa da shi na buɗe furar, bai sha ba.

Babu inda za a sami fetur zalla a wurin, ko an samu sai an juye tanki duka. Wani dattijon Bafulatani da ya zo wucewa da shanunsa ya tsaya ya gaishe mu, ya dubi rana, ya dube ni, ya ce wa maigidan, "Malam, da iyali kake. Ka juya." Na fassara masa da hannu. Ya miƙe ya tsaya yana kallon kudu. Daga inda muke ana hango farin hasken ruwa can nesa, siriri kamar zare. Iyakar abin da na gani na garinsu ke nan.

Wata motar itace ce ta ja mu da igiya har Yelwa. Muka shigo unguwa a ɗaure a bayanta. Matan da suka yi guɗa da safe babu wadda ta leƙo, kuma na gode musu.

Ƙanen ya jira mu a bakin rijiyar har rana ta karkata, wayarsa ba ta kamawa a can. Ya iso gida gab da magariba da laka har gwiwa. Yayan ya kama hannunsa ya ɗiga masa man a tafi, suka tsaya suna kallo tare. Na ga lokacin da ya gane. Ya durƙushe.

"Yaya, gobe da asuba mu tahi da jirgi. Don Allah. In ɗauke ka a bayana in ya kama."

Maigidan ya sa ni na maimaita masa da hannu, ko da yake ya gane. Ya dafa kan ƙanen ya ce, "Tashi. Ba ka yi komai ba sai alheri. In juye tanki, in wanke kafireto, jibi mu tahi yadda na ce. Ruwan bai taso ba tukuna."

Na so in ce ya bi jirgin. Na san ba zai bi ba.

Washegari tun safe yana ƙarƙashin motar. Ya juye man ya mayar cikin jarkokin ƙanen ya toshe. Yana da hawan jini, kuma ranar da ta gabata ta gasa shi. Ina wanke-wanke na ji sifana ta faɗi, ban ji an ɗauke ta ba. Mutum in ya yar da sifana yakan yi tsaki ya lalubo ta. Na saurara, shiru. Na jefar da kwanon.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin ya tafi tare da shi. Ga kunne babu, ga magana babu. Da aka dawo da shi daga asibiti ƙanen ya zauna gabansa da tire cike da yashi, ya ɗora masa hannun hagu a kai. Maigidan ya gane abin da ake nema, wato inda kabarin Inna yake. Ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani ya yi. Ya zana wani abu kamar da'ira, ya ja layi, hannun ya kufce ya share. Ya sake. Ƙanen ya ɗauki wannan ya tafi da jirgi, ya dawo ya ce kututturan tsamiyar da yawa, bai san daga wanne za a fara ba. Ana cikin haka damina ta sauka, farin ruwa, ambaliyar damina, ya taso daga saman kogi, ya rufe rijiyar, ya rufe duwatsun.

Ya ƙara 'yan watanni tare da mu. Da rana mukan fito da shi inuwar rumfar motar. Ƙanen ya wanke kafireton da hannunsa yadda ya ga ana yi, ya samo fetur zalla, sai da ya ɗiga a tafinsa ya nuna wa yayan ya bushe tas kafin ya zuba. Ya tayar da ita, muka ɗora hannun maigidan na hagu a jikinta. Ya kalle ni. Na ɗaga masa yatsu shida. Rabin bakinsa ya yi murmushi.

Lokacin baƙin ruwa, wanda ke zuwa da hunturu, da tafkin ya cika ya kwanta, Allah Ya karɓi abinSa.

Da na fita takaba ƙanen ya zo. Tun rasuwar bai ƙara kirana matarmu ba, Hajiya yake cewa, kansa a ƙasa, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ya ce jarkokin nan na nan a ɗakinsa, ya kasa zubawa a jirgi ya ɗauki fasinja da su, ya kasa zubarwa. Ya ce bana ruwan bai ja kamar bara ba, ba za a ga komai ba, amma in na yarda zai kai ni.

Ni da ko rafi ban taɓa tsallakawa ba. Na ɗauko zanen nan na ɗaura.

Man ya kwana biyu, injin ya yi ta tari kafin ya kama, hayaƙi na bin mu. Babbar 'yata na gefena tana riƙe da hannuna. Muka yi ta tafiya har gaɓa ta zama layi. Can ya rage gudu, ya dubi wani tsauni a gabas, ya dubi wani tsibiri, ya kashe injin. Shiru ya sauko. Ruwa ko'ina, yana ɗan lasar jikin jirgin.

Ya ce, "Nan ne garin. Ita kuma tana wani wuri a nan. Ban san ina ba."

Na gyara mayafi, na durƙusa yadda ake durƙusa wa suruka, jirgin na rawa. Na ce, "Salamu alaikum, Inna. Ni ce matar babban. Ya so ya kawo ni da kansa, mun taso, ba mu iso ba. Bai lalace ba, Inna. Ga ƙaramin nan, shi ya kawo ni." Muka yi mata addu'a, muka yi masa. Ƙanen ya juya mana baya ya daɗe yana wanke fuska da ruwan tafkin.

A hanyar dawowa na ce masa injinsa na shaƙewa, ya kai a duba. Ya ce, "Wa zai duba? Mai dubawar ya tahi." Can kuma ya ce, "Sai dai ke, matarmu, tunda kin zama bakanike."

Motar na nan a rumfarta. 'Ya'ya sun ce a bar ta muddin ina raye. Masu so sun zo har daga nesa, na ce su sha ruwa su koma. Ƙanen kan zo ranar da ba kasuwa ya tayar da ita, har yanzu sai ya ɗiga man a tafinsa tukuna. Ni kuma in ɗauko guntun tiyon daga ƙusar da yake rataye. Kwanan nan na bayan ya fara ja fiye da na gaban. Na ɗaga yatsa, ƙanen ya tsaya da sukudireba a hannu yana kallona, bai san wane sukuru zai juya ba. Ni ma ban sani ba. Ban taɓa kallon hannun maigidan ba lokacin, idona a rufe yake ina saurare.